Daga fagen kaka zuwa Takobi: yadda 'yan kokowar dauri sunka riƙe ƙarfinsu

 

Yau tarihin kokowa za mu taɓa, ta wani gefen da ba a cika dubawa ba: yadda 'yan kokowar dauri sunka riƙa horar da jikinsu shekara da shekaru, zuciya ba ta mutu ba, jiki kuma bai lalace ba.

Abin da ya kawo zancen kowa na ganin shi. Duk shekara in an kusa gasar Takobi, sai ka ga samari sun cika hanya da asuba, wasu na gudu, wasu na ɗaga ƙarfe ko siminti da anka zuba cikin gwangwani. Haka ma dattijon da likita ya ce wa hawan jini ko ciwon suga ya kama shi, sai ya sayi takalmi ya fara tattaki da zafi-zafi. Kwana ashirin, wata guda, ka nemi rabinsu ka rasa. In ka tambaya, amsa biyu ce. Wani ya ce maka, "Wallahi ƙyuya ta kama ni." Wani ya ce, "Gwiwa ce ta hana." To, waɗannan matsaloli biyu, mutuwar zuciya da ciwon da yawan horo ke kawowa, kakanninmu sun san su, kuma tsarin kokowarsu yana da maganin kowace.

Kokowa ta girmi garin Dakoro na yanzu. Kafin Turawan Faransa su kafa bariki nan a 1947, ana kokowa a ƙauyukan ƙasar Kornaka da Birnin Lalle, wadda tsohuwar hedikwatar Gobirawa ce, kamar yadda ake yi a duk ƙasar Hausa. Wasan manoma ne, kuma kalandarsa kalandar gona ce. Ɗan kokowa ba shi da wani ɗaki na musamman da yake zuwa ya gina jiki. Gona ita ce wurin horonsa.

Mu duba yadda shekararsa take tafiya. Da bazara, sharar gona da sassabe, aiki ne mai sauƙi-sauƙi da ke tada jiki daga zaman rani. Ruwa ya sauka, a yi shuka, tafiya ce mai yawa cikin rairayi. Daga nan noman farko, nan ne hauya ke cin kafaɗa da ƙugu. Sai maimai. Sai girbi, da ɗaurin dami, da ɗaukar dami a kai har bakin rumbu. Ga jan ruwa a rijiyoyinmu masu zurfi, ga bin dabbobi zuwa makiyaya. Wata huɗu zuwa biyar ke nan nauyin aiki yana hawa mataki-mataki, ba a tsallake ko ɗaya, don gona ba ta yarda da tsallake. Ba wanda ke girbi ranar da ya yi shuka. In kaka ta yi, saurayi ya fito da jikin da anka daɗe ana ginawa, ga sabon hatsi, ga fura da nono, ga wake. Sannan ne ake buɗe fage.

Fagen ma yana da lokacinsa. Ana yi da marece ko da dare a farin wata, lokacin da iska ta yi sanyi. Ana yi bisa rairayi mai laushi, wanda ke karɓar faɗuwa. Ƙauye ya gayyaci ƙauye, a yi kwana biyu ko uku, baƙi su koma gida. Tsakanin wanga gami da na gaba akwai kwanaki na hutu. In rani ya yi nisa, abinci ya fara ja baya, zafi ya taso, sai fage ya yi sanyi da kansa. Shekarar da hatsi bai yi ba kuwa, ba mai zancen kokowa sosai, don kowa ya san ba a kokowa da yunwa. Ke nan a shekara akwai lokacin ginawa, akwai lokacin gwadawa, akwai lokacin ajiye jiki. Manyan masu horar da 'yan wasa na duniya yau da wannan tsarin suke aiki, sai dai su a takarda suke rubuta shi.

Akwai kuma mataki na shekaru. Yara ƙanana su ke buɗe fage, sa'a da sa'a. Bayan su matasa, sannan manya. Dattawan da ke zaune bakin fage, galibi tsofaffin 'yan kokowa, su ke duba wa ya dace da wa. In yaro ya yi zumbur ya nufi wanda ya fi ƙarfinsa, sai a ce masa, "Koma, ba sa'anka ba ne, bari sai baɗi." Wannan kalma ta "sai baɗi" ta tsare gwiwoyi da kafaɗu masu yawa.

Kar mu ce a da ba a jin ciwo. Ana targaɗe, ana gocewar ƙashi, ana karaya, shi ya sa kowane yanki ke da maɗorinsa. Amma yawancin wannan ciwon na faɗuwa ne, na rana ɗaya. Irin ciwon da ke sanɗa a hankali saboda an maimaita abu ɗaya ba hutu, tsarin shekara yana rage shi tun kafin ya kankama.

To zuciya fa, mi ke riƙe ta? Ɗan kokowar dauri bai taɓa horo shi kaɗai ba. A gona gayya ake yi, makaɗi na bayan manoma, kowa na kallon kuyyar ɗan uwansa. A fage kuwa ga ganga, ga mawaƙi na kiran sunan mutum da na ubansa da na garinsu, ga kirari, ga 'yan mata na guɗa. Wanda ya yi kaye a ɗaga shi sama, a yi masa kari, wani ya samu goro, wani tufa, wani akuya. Wanda anka kayar ya kaɗe rairayi ya koma cikin 'yan garinsu, gobe ma rana ce. In saurayi ya yi lalaci bai fito ba, abokai za su biyo shi har ɗaki. Ko ranar da ba ya jin yi, kunyar sa'o'insa za ta fito da shi. Ashe ƙwazon da muke yaba musu ba daga zuciyar mutum ɗaya yake fitowa ba, gari ne duka ke riƙe da shi.

Babban canji ya zo a 1975. Shekara guda kafin nan, a watan Afrilu na 1974, Seyni Kunce ya karɓi mulki, ƙasa na fitowa daga babban fari. Gwamnatinsa ta farfaɗo da samariya, ta kuma nemi abin da zai haɗa 'yan Nijar wuri guda. Sai anka shirya gasar kokowa ta ƙasa karo na farko a Tawa. Wanda ya zama sarki a wannan karon ɗan jiharmu ne, Yakuba Ango, wanda duniya ta sani da Kantu. Shi ya sa filin kokowa na Maradi ke ɗauke da sunansa, kamar yadda na Doso ke ɗauke da sunan Salma Ɗan Rani, na Damagaram kuma Langa-Langa. Bayan Kantu, jihar Maradi ta sake fitar da gwanaye irin su Labo Maikafo da Ummaru Bindigau, waɗanda sunayensu har yau ke bakin jama'a.

Tun daga nan kokowa ta tashi daga dandalin ƙauye ta shiga radiyo da talbijin. Gasar na zagaya jihohi. Yau jihohi takwas ne, kowace na kawo 'yan kokowa goma, mutum 80 ke nan, ana kwana goma ana gwabzawa. Kafin a kai can, ana tankaɗe da rairaya tun daga ƙasa: a zaɓa a gunduma irin tamu, a je Maradi a sake zaɓe, sannan a killace goman da sunka fita a yi musu horo. Takobi kuma ya zo da kuɗi da kyaututtuka masu yawa, har yaron ƙauye na iya canza rayuwar gidansu da kaye ɗaya.

Akwai wata ƙa'ida a gasar da ta cancanci mu tsaya kanta. Wanda ya faɗi sau ɗaya ya fita daga neman takobi, amma bai fita daga gasa ba. Gobe zai sake shiga fage don jiharsa, har ma yana iya ka da wanda bai faɗi ba ya ɓata masa lissafi. Cikin mutum 80, ɗaya ne zai koma gida da takobi. Sauran 79 da yawansu baɗi za ka sake ganin su. Ko Kadri Abdu, wato Isaka Isaka na Doso, wanda ya ɗauki takobinsa na shida a Agadas a watan Disamba na 2023, a karo na 44 na gasar, ba a jere ya tara su ba. A tsakani an yi shekarun da takobi ya kuɓuce masa, Yahaya Kaka na Tawa ya ɗauka, Tasi'u Sani na Damagaram ya ɗauka. Ya koma gida ya ci gaba da shiri ya dawo. Wanda ya yi sati guda bai fita tattaki ba ya ce shi ke nan ya ɓata, ya tuna da wannan.

Sai dai ci gaban ya zo da nasa haɗari, kuma nan ne zancen ya shafe mu kai tsaye. Kokowa ta rabu da kalandar gona. Yanzu akwai gami kusan kowane lokaci: na biki, na 'yan siyasa, na tsallaken iyaka a Najeriya. Mai suna ba ya samun ranin da zai ajiye jiki. A ɗaya gefen kuma, rayuwarmu ta canza. Saurayin da kakansa ke tafiya kasuwar ƙauye da ƙafa, shi kabu-kabu yake hawa, ko shi ne ma mai tuƙa shi, yini guda yana zaune. Ya ga Isaka Isaka a waya, jini ya motsa, yana son ya yi cikin sati uku abin da gona ke yi cikin wata biyar. Na farko ya rasa hutu, na biyu ya rasa mataki. Duka biyun gwiwa ɗaya ce ke biyan bashin.

Ga yadda abin yake a cikin jiki. In mutum ya yi aiki mai nauyi, tsoka da jijiya da ƙashi suna samun 'yan ƙananan raunuka da ido ba ya gani. Lokacin barci da hutu ne jiki ke gyara su, ya kuma ƙara musu ƙwari kaɗan fiye da da. Ƙarfin da ake nema a wurin hutun yake shiga. In an sake ɗora nauyi kafin gyaran ya ƙare, yau da gobe, ɓarna ta fi gyara yawa, sai ciwo ya fito. Wani abin lura kuma, sassan jiki ba sa tafiya da sauri ɗaya. Numfashi da tsoka suna sabawa cikin 'yan makonni. Jijiyoyin da ke ɗaure tsoka da ƙashi, irin agara ta bayan diddige, jini kaɗan ke isa gare su, su da ƙashi sai an yi watanni. Shi ya sa tarkon yake a sati na uku ko na huɗu: mutum ya ji huci ya ragu, ya ji ƙarfi ya zo, sai ya ninka gudu, alhali agara da ƙwauri ba su shirya ba.

Likitoci sun daɗe da gane wannan. A 1855 wani likitan sojan Furusiya, cikin ƙasar Jamus ta yau, mai suna Breithaupt, ya bayyana kumburi da ciwon ƙafa da ke kama sojoji bayan doguwar tafiya. Daga baya, da na'urar hoton ƙashi ta fito, anka ga ashe ƙashin tafin ƙafa ne ke tsagewa, ba tare da faɗuwa ko duka ba, maimaici kawai. Tun kafin nan da nisa, Girkawa na da labarin wani ɗan kokowarsu, Milo na Kuroton, wanda ya ci gasar Olamfik sau shida a ƙarni na shida kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Ana ba da labari cewa ɗan maraƙi ya riƙa saɓawa a kafaɗa kullum, maraƙi na girma ƙarfinsa na ƙaruwa, har ya wayi gari yana ɗaukar sa. Ko labarin ya faru ko ƙari ne, mu makiyaya mun gane hikimar: maraƙi ba ya zama sa a dare ɗaya.

Dole mu faɗi wata gaskiya mai ɗaci, zancen ƙwaya. Tramol da sauran magungunan kashe ciwo da ake saye a tebur ba sa warkar da jijiya ko ƙashi, bakin ciwon kawai suke rufewa. Hausawa sun ce jiki magayi. Ciwo shi ne ɗan aiken da jiki ke turowa ya ce a dakata. Wanda ya sha ƙwaya ya koma fage ko gona, ya kori ɗan aike ne, saƙon kuwa na nan. Ƙaramar tsaga da hutun 'yan makonni zai ɗinke, sai ta zama karaya. Ga kuma kamu, don tramol in ya riƙe mutum sakinsa da wuya. A garinmu jikin saurayi shi ne jarin gidansu. Gwiwar da ta lalace a watan Disamba, in ba ta warke ba kafin ruwa ya sauka, gonar tsoho ce za ta kwana ba noma, rumbu kuma shi zai nuna.

Yaya za a bambanta gajiya da ciwo? Tsamin jiki na bayan aiki yana kama nama ne, hagu da dama, ya yi kwana biyu ko uku ya wuce, in an motsa ma sauƙi yake yi. Wanda ake tsoro shi ne ciwon da ke wuri ɗaya, wanda za ka iya nuna shi da yatsa bisa ƙashi ko gaɓa, yana ƙaruwa in ana aiki, yana sa ɗingishi, ko ya kumbura, ko ya hana barci. Irin wannan a dakata. In an huta sati ɗaya zuwa biyu bai sauka ba, a je gidan likita a duba. Maɗoranmu muna girmama su, sun yi wa jama'a aiki tun kaka da kakanni, amma tsagar da ke cikin ƙashi hannu ba ya ganin ta, kuma murza ta da ƙarfi na iya ƙara ɓarna. Iyaye kuma a kula da yara masu tasowa. Ƙashinsu bai gama ƙosawa ba, shi ya sa ɗan shekara 12 zuwa 15 mai yawan ƙwallo da tsalle kan yi kukan ciwo a ƙasan ƙoƙon gwiwa. Kar a ce masa raki ne, a rage masa.

Ga wanda ba takobi yake nema ba, lafiya kawai, abin da ake buƙata bai kai yadda ake zato ba. Hukumar Lafiya ta Duniya, OMS, a shawarwarinta na 2020 ta ce babba ya samu minti 150 zuwa 300 a sati na motsa jiki matsakaici, kamar tafiya da sauri, da kwana biyu na aikin ƙarfafa tsoka. Yara kuma minti 60 a rana. Minti 150 shi ne rabin awa sau biyar a sati. Macen da ke daka da ɗaukar ruwa, da manomi a tsakiyar damina, sun wuce nan nesa, su hutu da abinci ne ke gabansu. Maganar ta fi shafar mai shago, ma'aikacin biro, direba, da hajiyar da aikin gida ya koma hannun yara. Mai hawan jini ko ciwon suga ko ciwon zuciya kuwa, ya fara jin ta bakin likitansa.

Abin da za mu ɗauko daga fagen dauri a fili yake. A fara da abin da jiki ya raina, a riƙa ƙarawa kaɗan-kaɗan sati bayan sati, kamar yadda noma ke bin shuka. Ranar da anka yi mai nauyi, kashegari a yi mai sauƙi, a kuma bar wa jiki aƙalla rana ɗaya a sati. A sassaɓa aiki, yau tafiya, gobe keke, jibi ƙwallo, don kar nauyi ya tare a gaɓa ɗaya. A ɗumama jiki kafin a shiga mai tsanani, kamar yadda ɗan kokowa ke zagaya fage yana rawa kafin a kama. A watannin Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, a yi da asuba ko bayan la'asar sakaliya, a sha ruwa. Da azumi a rage, a bari sai bayan buɗa baki.

Na ƙarshe, wanda ya fi duka: a nemi abokan yi. Mutum uku ko huɗu na unguwa ɗaya, sa'o'in juna, su sa lokaci bayan sallar asuba. Mata ma su haɗa nasu. Fadar da ake zama shan shayi tana iya zama fadar tattaki kafin a ɗora buta. Wanda bai fito ba a buga masa waya, wanda ya yi ɗoki ya wuce ƙima a ce masa ya sassauta. Tsofaffin 'yan kokowarmu da ke raye a ƙauyukan Dakoro, a matso kusa da su, a zaunar da su bakin fage kamar da, don har yanzu muna buƙatar mai cewa yaro "bari sai baɗi."

Allah ya jiƙan magabatanmu da sunka riga mu gidan gaskiya, ya ƙara wa 'yan kokowar jihar Maradi lafiya da sa'a, ya dawo mana da takobi gida. Allah ya ba mu damina mai albarka da jikin da za mu noma ta. Mu kwana nan, sai wani jiƙon.